Eric Carle: mai zanen talla da ya koma yi wa yara littafi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a ajin rainon yara, kuma ina ɗan taɓa zane. Cikin littattafan da aka kawo mana akwai wani na Turanci mai huji a shafukansa, labarin wata tsutsa da ke cin duk abin da ta tarar. Yara ba sa gajiya da shi, har ya fara yagewa. Wane ne ya yi shi, kuma ta yaya mutum zai yi suna a duniya da littafin da ake karancewa cikin minti uku? Sannan mai son bin wannan hanya, sai ya zama marubuci tukuna, ko zanen ma ya isa?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Littafin da ke hannunki sunansa The Very Hungry Caterpillar, wato tsutsa mai tsananin yunwa. Wanda ya rubuta shi shi ne ya zana shi, Eric Carle, Ba'amurke ɗan asalin Jamus, wanda aka haifa ranar 25 ga Yuni 1929, ya mutu ranar 23 ga Mayu 2021 yana da shekara 91. Littafin ya fito a 1969. Kalmomin cikinsa duka ba su kai 230 ba, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 50, an kuma fassara shi zuwa harsuna sama da 60.

Amsar tambayarki ta biyu tana cikin rayuwar mutumin, don haka can zan fi daɗewa. A taƙaice dai, littafin nan ƙera shi aka yi. Faɗin kowane shafi, inda huji zai faɗo, abin da yaro zai gani idan ya juya takarda, duk an auna su kafin a zo kan kalmomi. Wanda ya auna su kuwa saura makonni kaɗan ya cika shekara 40 lokacin da littafin ya fito, kuma ya kusa shekara 20 yana cin abinci da zanen fosta da talla.

An haifi Carle a garin Syracuse na jihar New York. Iyayensa, Erich da Johanna, 'yan ci-rani ne daga Jamus. Ya fara makaranta a can, a aji mai manyan tagogi da manyan takardu da fenti kala-kala, har malamarsa ta kira mahaifiyarsa ta ce mata yaron nan yana da baiwar zane, a kula da ita. Sai kewar gida ta dami uwar, suka tattara suka koma Stuttgart a 1935, yana ɗan shekara 6. Ba su zaɓi lokaci mai kyau ba, domin Hitler ya riga ya yi shekara biyu kan mulki. Makarantar da aka sa shi a Jamus ta bulala ce da ƙaramar takarda da fensir mai tauri, kuma tun a kwanakin farko malami ya zane shi da sanda a tafin hannu. Ya tsani makaranta daga ranar. Ya sha ba da labarin yadda yake tambayar iyayensa yaushe za a koma gida, da yadda ya ƙudurta a ransa zai gina gada daga Jamus zuwa Amurka ya tsallaka da kakarsa.

Ke da kike karɓar yara a ranar farko ta makaranta, wannan ya shafe ki kai tsaye. Carle ya sha faɗa cewa abin da yake nema da littattafansa shi ne ya cike gurbin da ke tsakanin gida da makaranta. A wurinsa gida wuri ne na ɗumi da wasa da riƙe hannu, makaranta kuwa baƙon wuri ce da aka kai yaro aka ajiye. Don haka ya so ya yi abin da rabinsa kayan wasa ne, rabinsa littafi. Yaranki da suka yaga shi da yatsu sun yi masa abin da aka yi shi dominsa.

Daga mahaifinsa ya samo ƙwarin da suka cika littattafansa. Uban, wanda shi ma yana da hannun zane, yakan ɗauke shi yawo cikin daji da fadama, ya ɗaga dutse ko ya ɓare ɓawon itace ya nuna masa abin da ke motsi a ƙarƙashi, ya yi masa bayanin rayuwarsa, sannan ya mayar da shi inda yake ya rufe. Yawon ya yanke a 1939 da aka ɗebi uban soja. Sojojin Tarayyar Sobiyet suka kama shi a ƙarshen yaƙin, bai dawo ba sai 1947, nauyinsa bai kai kilo 40 ba, kuma bai sake zama mutumin da ɗan ya sani ba. Ya tafi ya bar yaro ɗan shekara 10, ya dawo ya tarar da saurayi ɗan 18.

A cikin waɗannan shekaru ne wani abu ya faru wanda a ganina ya fi komai tasiri a idonsa. Gwamnatin Nazi ta haramta zanen zamani, ta kira shi gurɓataccen zane. A 1937 har baje koli ta shirya a Munich don a zo a yi wa irin waɗannan ayyuka dariya, bayan an kwashe su daga gidajen adana zane na ƙasar. Abin da aka yarda a koya wa yara shi ne zanen da ya yi kama da abu sak: soja, tuta, manomi mai ƙwanji. Malamin zanen Carle, wani mai suna Krauss, ya lura cewa hannun yaron a sake yake, ba ya son tsayawa cikin layi. Sai ya kira shi gidansa yana ɗan shekara 12 ko 13, ya fito masa da kwafin zane-zanen da aka hana, na su Picasso da Matisse da Paul Klee da Franz Marc, ya ce ya duba da kyau, kuma kada ya gaya wa kowa. Malamin kasada ya yi, domin aikinsa da 'yancinsa na iya tafiya kan wannan. Carle ya ce da farko abin ya ruɗa shi, ya ga kamar shirme ne. Franz Marc, wanda aka kashe a fagen daga a 1916, ya zana doki shuɗi a 1911. Shekara 100 bayan haka, a 2011, Carle yana tsoho ɗan 82 ya fitar da littafin yara kan wani mai zane da ke zana doki shuɗi da kada ja da saniya rawaya, don girmama Marc da kuma malamin da ya nuna masa shi. Duk lokacin da yaro a ajinki ya shafa wa akuya kore, ki tuna da wannan kafin ki gyara masa.

Yana ɗan shekara 15 aka ɗebe su tare da sauran yara aka kai su haƙa ramukan tsaro a iyakar Jamus ta yamma, ya ga an kashe mutane a kusa da shi. Ya kuma yi bayanin cewa launin yaƙi launin toka ne da ƙasa-ƙasa da kore mai duhu, domin hatta gine-gine an shafe su don kada jiragen sama su gane su. Hasken launukan da kike gani a littafinsa yana da nasaba da wannan yunwa ta ido.

Bayan yaƙi ya shiga makarantar fasaha ta Stuttgart, ya yi karatu a hannun Ernst Schneidler, gwani a tsara haruffan ɗab'i da rubutun ƙawa. Abin da ya koya a nan tsara shafi ne: ina rubutu zai zauna, ina hoto, nawa za a bari fari. Da ya gama sai ya fara zana fosta wa cibiyar yaɗa labarai ta Amurka da ke garin. Fosta malami ce mai tsanani. Mai wucewa daƙiƙa biyu zai ba ka, daga nesa, yana tafiya. In siffar ba ta fito ɓaro-ɓaro ba, in launi bai kama ido ba, in an cika tarkace, ka yi asara. Yaro ɗan shekara uku da ke zaune a bayan aji yana kallon littafin da malama ta ɗaga, lokacin da zai ba ka bai fi na mai wucewar nan ba.

A 1952 ya koma New York da dala 40 a aljihu da jakar ayyukansa. Ya nemi ganin Leo Lionni, mai kula da sashen zane na mujallar Fortune, shi kuma ya taimaka masa ya samu aiki a sashen talla na jaridar New York Times. Lionni ɗin nan shi ma daga baya ya zama babban mai littafin yara, kuma bai fara ba sai 1959 yana dab da shekara 50, da wani labari da ya ƙirƙira wa jikokinsa a cikin jirgin ƙasa da yagaggun takardun mujalla masu launi. Ba a daɗe ba aka ɗebi Carle soja lokacin yaƙin Koriya, kuma ikon Allah aka tura shi Jamus ɗin da ya baro, yana aikin rarraba wasiƙu. Da ya gama ya koma Times, daga nan ya zama shugaban sashen zane a wani kamfani mai tallan magunguna, ya yi shekaru a can kafin ya ajiye ya fara aikin kansa.

Tallan magani ne ya buɗe masa ƙofa. Wani masanin koyar da karatu, Bill Martin Jr, ya ga hoton wani jan ƙaton jatan lande da Carle ya yi a tallan maganin ƙaiƙayi da atishawa, ya nemi wanda ya zana shi, ya ce ya zo ya zana masa littafi. Martin da kansa bai iya karatu sosai ba sai da ya girma, don haka da kunne yake rubutu, yana neman jimlar da yaro zai haddace kafin ya san baƙi. Littafin da suka yi tare, Brown Bear, Brown Bear, What Do You See?, ya fito a 1967. Sarƙa ce ta tambaya da amsa: ana tambayar dabba me take gani, ta ambaci wata dabbar, a juya shafi a tambayi waccan. A ciki ma akwai doki shuɗi, ko da yake wannan daga rubutun Martin ya fito. Nan Carle ya ga abin da maimaici ke yi wa yaro, yadda yake ba shi damar ya riga malama faɗin abin da ke tafe. A 1968 ya fitar da nasa na farko shi kaɗai, littafin ƙirga mai jirgin ƙasa ɗauke da dabbobi zuwa gidan zoo, wanda babu jimla ko ɗaya a cikinsa.

Yanzu ga tsutsar. Wata rana yana zaune yana wasa da abin huda takarda irin na ofis, yana huda tarin takardu, sai hujin ya tuna masa da ƙwaron da ke cin littafi. Daga nan ya shirya labarin wata koriyar tsutsa mai suna Willi, wadda ke yin mako guda tana ci, a ƙarshe ta zama ƙatuwa, shi ke nan. Editarsa a kamfanin World Publishing, Ann Beneduce, ta ce tsarin ya yi, amma ba ta ga yadda yara za su ƙaunaci irin wannan tsutsa ba. Suka yi ta jero dabbobi, har ta ambaci tsutsar ganye, shi kuma nan take ya ce malam-buɗe-littafi. Ki lura da abin da ya faru a nan. Huji ne ya zo farko, sai dabbar da za ta iya yin hujin, ƙarshen labarin kuma shi ya zo daga baya, daga bakin edita. Da an bar Willi, da littafin ya ƙare da ƙiba kawai. Canjin dabba ɗaya ya ba shi makoma.

Ki ɗauko shi ki buɗe mu duba tare. Dare ne, ga wata, ga ɗan ƙwai kan ganye. Ran Lahadi rana ta fito, tsutsa ta ƙyanƙyashe. Sai ki zo kan shafuka biyar da ba su kai sauran faɗi ba, an jera su hawa-hawa: na Litinin shi ne mafi siranta domin tuffa 1 kawai ke kansa, na Talata ya ɗan fi shi domin 'ya'yan itace 2 ne, a haka har na Juma'a mai lemo 5. Yaro bai san alamar 3 ba tukuna, amma yana gani da idonsa, yana ji da hannunsa, cewa shafin Laraba ya fi na Talata. Yawa ya zama faɗin takarda. Kowane ɗan itace da huji a tsakiyarsa daidai yatsan yaro, kuma idan aka juya sai a ga tsutsar tana fitowa ta bayan hujin. Kowace rana tana ƙarewa da jimla guda, cewa har yanzu ba ta ƙoshi ba, kuma na tabbata zuwa Laraba yaranki ne ke faɗa miki ita.

Ranar Asabar ce gwanintar. An yi kwana biyar ana koya wa yaro doka, ɗaya, biyu, uku, duk 'ya'yan itace, sai a karya ta gaba ɗaya: abu 10 a jere, kek da askirim da cuku da alawa da kankana da sauransu, kowanne da hujinsa, sannan ciwon ciki. Dariyar da ake yi a wannan shafi kwana biyar ɗin baya ne suka biya kuɗinta. Sai a sauko, ganye ɗaya kore ran Lahadi, tsutsa ta zama ƙatuwa, ta yi wa kanta ɗan gida ta shige fiye da mako biyu, a juya shafin ƙarshe malam-buɗe-littafi ya cika fuska biyu. Kwanakin mako, ƙirga, launuka, rayuwar ƙwaro, duk sun shiga ba tare da an ce wa yaro zauna a koya maka ba. Carle da kansa ya ce a ganinsa abin da ya riƙe yara shi ne fata: ƙaramin abu da ba a kula da shi zai girma ya yi fiffike.

Wannan tsari ya kusa hana littafin fitowa. Maɗaba'un Amurka na lokacin ba su iya yin shafuka masu faɗi daban-daban da huji a farashin da za a iya sayarwa ba. Sai da Beneduce ta tafi da shi Japan, inda kamfanin Kaiseisha ya karɓa, aka buga bugun farko a can.

Hotunan kuwa yanka su ake yi a manna. Carle yakan ɗauki siririyar farar takarda mai shara-shara, ya shafe ta da fentin akirilik, launi kan launi, wani lokaci da buroshi, wani lokaci da yatsa ko soso ko guntun kafet, ya yi ɗige-ɗige ko ya karce. A wannan mataki ba ya tunanin tsutsa ko ganye, takarda kawai yake rinawa. In sun bushe sai ya adana su cikin durowa, kowane launi da wurinsa, kamar yadda tela ke tara ƙyallaye. Idan aikin littafi ya zo sai ya zana siffar a takardar kwafi, ya ɗora ta kan rinanniyar da ya zaɓa, ya bi layin da reza, ya manna guntun kan farin kwali, gaɓa bayan gaɓa. Ƙananan abubuwa irin su gashin jikin tsutsa da fensir mai launi yake ƙarasa su. Amfanin wannan hanya shi ne reza ba ta barin ka yi ta ƙawa. Siffar tana fitowa da kaifi, amma cikinta cike yake da motsin fenti. Akwai kuma darasin da ya koya da tsada: a farkon aikinsa takarda mai launi ta kanti yake amfani da ita da gam ɗin roba, da shekaru suka tafi launin ya kwaɗe, gam ɗin ya ɓata takardar. Daga baya ya koma rina farar takarda mai ƙarko da kansa da gam ɗin da ba ya cin takarda. Shi ya sa hotunan wasu littattafansa na farko ya sake yin su, kuma bugun da ke kasuwa yau ba lallai ya zama irin na farko ba.

Ya zana littattafai sama da 70, yawancinsu shi ya rubuta. Kusan kowanne yana da wata dabara a jikin takardar. Na gizo-gizo, 1984, zaren saƙar a tashe yake, yaro na iya bin sa da yatsa, har wanda ba ya gani. Na wata, 1986, wanda ya yi wa 'yarsa, shafukansa buɗewa suke sama da gefe don tsani ya yi tsawo. Na gyare, 1990, yana kuka in an buɗe shafin ƙarshe. Na ƙwaron nan mai walƙiya da dare, 1995, yana da ƙananan fitilu. A nawa ra'ayin na gizo-gizon ya fi na gyaren da na fitilun, domin dabararsa a cikin takarda take, su kuwa batir suka dogara da shi, kuma ranar da batir ya mutu littafin ya rasa ƙarshensa. Masu suka kuma suna da abin faɗa. Labaransa ba su da zurfin halin ɗan Adam irin na Maurice Sendak, wani Ba'amurke mai littafin yara, wanda bai ji tsoron nuna fushin yaro da tsoronsa ba. Wasu na baya maimaita tsarin farko ne da wani ƙwaron. Tsutsar ma ta koma haja, tana kan riguna da kofuna da jakunkuna. Bai taɓa cin lambar Caldecott ba, wadda ita ce babbar lambar zanen littafin yara a Amurka, sai dai a 2003 ƙungiyar ma'aikatan laburare ta ƙasar ta ba shi lambar yabo kan aikin rayuwarsa gaba ɗaya.

A 2002 shi da matarsa Barbara suka buɗe gidan adana zanen littattafan yara a Amherst, jihar Massachusetts, bayan sun ga irinsa a Japan. Ba nasa kaɗai ake ajiyewa ba, har na sauran masu zane daga ƙasashe daban-daban, kuma akwai ɗakin da baƙi ke zama su yanka takarda su manna. Ya mutu a Northampton, kusa da wurin.

Sai tambayarki ta ƙarshe. Ba sai kin zama marubuciya ba. Carle da rubutun wani ya fara, kuma a manyan kamfanonin ɗab'i na Turai da Amurka abin da aka saba shi ne marubuci ya kawo rubutu, edita ya zaɓi mai zane, sau da yawa ma ba sa haɗuwa. Amma wanda ya haɗa biyun yana da wata dama da babu mai ita: yana iya goge duk jimlar da hoto ya riga ya faɗa. Wannan ita ce matsalar da na fi gani a littattafan yaran da ake bugawa a wajenmu. Marubuci ya gama labarinsa tsaf, da sakin layi masu tsawo, sannan a kira mai zane a ce ya yi hoto goma, kowanne kaza. Rubutu ya ce Audu ya hau jaki, hoto ya nuna Audu a kan jaki. Yaro bai samu komai a hoton da kunnensa bai riga ya ba shi ba. A littafin hoto na gaske, rubutu zai ce Audu ya kama hanya lafiya lau, hoto kuma ya nuna buhun da ke bayansa ya huje, gero na zuba, kaji na biye da shi. Yaron da ya gano wannan kafin malama ta faɗa, ya zama mai karatu ko da bai san baƙi ba.

Ga yadda masu sana'ar ke farawa. Yawancin littattafan hoto shafi 32 ne, domin babbar takardar maɗaba'a ninke ta ake yi ta ba da shafi 8 ko 16. Ki ɗauki farar takarda 8, ki ninke su biyu, kin samu shafi 32. In kin cire na suna da na bayanin ɗab'i, abin da zai rage miki buɗewa 14 ne ko kusa da haka. Ki zana labarin a ciki da fensir, zane na gaggawa, ki rubuta kalmomin a guntayen takarda ki liƙa yadda za ki iya matsar da su. Abin da kike nema a kowace buɗewa shi ne dalilin da zai sa yaro ya so a juya. Sannan ki karanta wa ajinki wannan ɗanyen littafi kafin ki taɓa fenti, ki kalli fuskokinsu. Inda suka fara waige-waige, nan ne za ki yanke. Kina da abin da Carle bai da shi, wato aji cike da masu hukunci kowace safiya.

Maimaicin da ya koya wajen Bill Martin ba sai kin je nesa nemansa ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da shi, waƙar da yarinya ke rerawa duk wanda ta gamu da shi a hanya, ko Gizo da ke maimaita dabara ɗaya har ran da ta ƙi ci. Kuma in kina son ganin wanda ya yi wannan sana'a daga Afirka ta Yamma, ki nemi ayyukan Meshack Asare na Gana, wanda aka haifa a 1945, shi ma marubuci kuma mai zane. Ya ci lambar Noma Award ta littattafan da aka buga a Afirka a 1982 da littafinsa kan ƙananan ma'aunan zinariya na tagulla na ƙabilar Asante, ya ci lambar UNESCO a 1999 da Sosu's Call, labarin yaron da ba ya iya tafiya wanda ya ceci ƙauyensu da kiɗan ganga lokacin da ruwa ya taso, kuma a 2015 ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci lambar NSK Neustadt ta adabin yara.

Abu biyu na kiyayewa. Littafin Carle yana da masu haƙƙinsa har yanzu. Ki fassara wa yaranki shi da baki a aji yadda kike so, amma buga shi da Hausa sai da izini, kuma canza tuffa zuwa mangwaro da goba da kanya a bar sauran yadda yake bai mayar da shi naki ba. Na biyu, ki je wurin mai maɗaba'a tun kina matakin fensir. Ki tambaye shi girman takardar da injinsa ke ɗauka, ki zaɓi girman littafinki daidai da ita don kada a yi asarar gefe, ki ji kuɗin buga launi huɗu a takarda mai kauri da kuɗin ɗinki maimakon maƙala da waya, domin littafin da yara 40 za su ja ba ya jure waya biyu a tsakiya. In kina da niyyar huji ko shafi mai buɗewa, ki faɗa masa a ranar, domin wuƙar yankan daban ake ƙera ta, kuma kuɗinta na iya fin na bugun duka in kwafin da za ki buga kaɗan ne.